Daddawa Uku a Teburin Kwamiti

Tun da na dawo daga Abuja ban sha kunu da zafinsa ba. Kafin in kai ludayi baki sai in ji sallama: "Goggo Yalwa, wai da gaske kin shiga majalisa?" Na ba matan Kazage labari, na ba na Damari ranar kasuwa, na bayar a gidan suna, na bayar a gidan makoki har aka harare ni. Muryata ta dishe. Shi ya sa na ce wa maƙwabciyata Malama Saratu, wadda ta tsufa tana koyarwa a firamare, kuma da ita muka yi tafiyar, ta ɗauko biro ta zauna. Ni ban san baƙi ba, amma na san abin da idona ya gani. Wanda ya zo da tambaya a karanta masa, ni a bar ni in sha kununa.

Ku fara jin abin da ya fitar da ni daga ɗakina.

Ina da ɗorawa bakwai a bakin daji, yamma da rafi. Ƙasar da suke kai ba tawa ba ce, gonar gidan Malam Audu ce. Itatuwan ne nawa. Na gaje su wajen uwata, ita ma wajen tata. A wurinmu ba wanda zai ji wannan ya yi mamaki: mai gona ya noma gonarsa, mai itace ta kaɗe itacenta, kowa ya san iyakarsa. Da kalwar itatuwan nan nake yin daddawa, da daddawar na aurar da 'ya'ya huɗu, da ita nake riƙe da kaina tun rasuwar maigidana. Ko makubar, wato ɓawon 'ya'yan, ba ta asara, da ita aka yi daɓen ɗakina.

Sai ga labari a rediyo cewa an kai ƙuduri majalisar ƙasa, za a faɗaɗa iyakar dajin hukuma, a hana shiga, a hana sara, a hana tsinka. Masu gonaki za a rubuta sunayensu a nema musu wani wuri. Saratu ta samo takardar ta karanta mini har sau biyu. Akwai mai gona a ciki, akwai mai gida, akwai makiyayi da shanunsa, har biri da gwanki an ambata. Babu mace mai itace. Na ce, "Saratu, juya bayan takardar." Ta juya. Fari fat.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shekara nawa mutanen daji na zaune a ciki da bindigoginsu, ban ji wanda ya nemi izini ba. Mu ne muke shiga da rana tsaka, da addu'a a baki, mu kaɗe mu kwashe mu fito da sauri. To ga doka za ta zo, kuma kowa ya san wanda doka za ta iya kamawa a dajin nan: tsohuwa mai gora da ƙwarya.

Saratu ta ce kafin ƙuduri ya zama doka, akwai ranar da kwamiti ke buɗe ƙofa ya saurari jama'a. Matan unguwa suka zauna suka zaɓe mu. Ni saboda na fi kowa shekaru, ita saboda Turanci.

Ba a zuwa gaban manya hannu sake. Na cika bokiti mai murfi da daddawar da ta nuna sosai, irin wadda in ka buɗe a ɗaka sai kaji su taru a ƙofa. Na kuma ƙulle guda uku a haɓar zanena, don mota na juya mini ciki, shaƙar daddawa ce ke kwantar da shi.

A tashar Birnin Gwari muka jira har motoci suka taru, don ba a bin hanyar Kaduna ɗaiɗai. Sojoji suka shige gaba muka bi su a jere kamar 'yan rakiyar amarya, sai dai ba guɗa. Motarmu tsit. Ni ina jan carbi, Saratu na motsa baki da tata addu'ar irin ta coci, wani falke a baya ya rungume kwandon kaji yana roƙonsu su yi shiru. Da muka faɗa wani rami murfin bokitina ya zame. Direba ya waiwayo ya ce, "Goggo, da wannan kayan naki ai ba ma buƙatar soja. Ko an tare mu sai an ba mu hanya." Ba wanda ya yi dariya sai da muka wuce Buruku, sannan mota duka ta kwashe, har falken.

A tashar Mando ta Kaduna muka sake mota. Hanyar Abuja doguwa ce, ba abin da zan ce a kanta sai dai gwiwoyina sun sandare.

Mun sauka a gidan ƙanwar Saratu, Ladi, mai aikin asibiti. Gidan bene ne, mutane a sama, mutane a ƙasa, ba mai gaida wani. Ladi ta ce shekararta uku da maƙwabcinta, ba ta san sunansa ba. Na ce, "In kika mutu wa zai sani?" Ta ce, "Mai gidan haya, ƙarshen wata." Da yamma ta ɗora miya da ɗan dunƙulen kanti mai takarda. Na ɗanɗana, gishiri ne ya yi kwalliya. Na ce ta matsa, na marmasa daddawa biyu a ciki. Tukunya ba ta gama tafasa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcin ne, da hannu a hanci, yana tambaya ko kwata ce ta fashe. Bai tafi ba sai da ya ci malmala biyu. Sunansa Bitrus. Na ce, "Ladi, ga maƙwabcinki nan, ki riƙe shi."

Washegari muka isa majalisa. Shiga wurin nan kamar shiga wata ƙasa ne. Ƙofa ta farko a duba sunanka, ta biyu a duba fuskarka, ta uku kuma ba ɗaki a bayanta, ƙofa ce kawai a tsaye, in ka ratsa da ƙarfe a jikinka sai ta yi kuka. Na ratsa ta yi kuka. Wata 'yar sanda ta laluba ta zaro magogin gorona.

Ta ce, "Mama, wannan makami ne."

Na ce, "Haƙorana ne, 'yata. Da shi nake cin goro."

Ta ce haƙoran za su jira ni a ƙofa. Sannan ta buɗe bokiti, ta yi baya taku biyu. Na ce gaisuwa ce na kawo wa manya. Ta ce abinci ba ya shiga, kuma kyauta ba ta shiga ta wannan ƙofa. Na ce, "To ta wace ƙofa take shiga?" Ta yi dariya. Bokiti ya zauna kusa da magogi. Guda ukun da ke haɓar zane kuwa ƙofar ba ta yi musu kuka ba, ni ma na manta da su.

An ce zama ƙarfe goma ne. Da goma ta yi aka ce sai biyu, don 'yan kwamitin suna babban zaure. Nan Allah ya haɗa mu da Hajiya Rabi, akawun kwamitin, 'yar Zariya, mai furfura a gefen ɗankwali. Ta ji Hausar bakina ta ce, "Goggo, zama zai gajiyar da ke, zo in nuna miki inda ake dafa dokar." Ta hau da mu wani bene inda baƙi ke zama su leƙa ƙasa.

Zaure biyu gare su, kore da ja, kowanne da mutanensa. Mu na kore muka leƙa. Da shigata na yi sallama da ƙarfi, kamar yadda aka koya mini tun ina yarinya. Ba wanda ya amsa sai wani mai gadi da ya rugo da yatsa a baki. Ashe a benen nan ba a magana, ba a tafi, ko atishawa sai ka danne. Mutanen da ka zaɓa suna ƙasa suna magana a kanka, kai kana sama kamar jemage.

Akwai wata sanda mai walƙiya da ake ɗauko ta a kafaɗa, kowa ya miƙe, a kwantar da ita a tebur. Hajiya Rabi ta raɗa mini cewa in sandar ba ta nan, duk abin da suka faɗa hira ce. Na ga kuma ba mai yi wa ɗan'uwansa magana kai tsaye. Mutum na kallon abokin faɗansa ido da ido, amma sai ya juya ya faɗa wa shugaba, kamar mace da surukinta. Zaginsu ma da ladabi yake. Saratu ta fassara mini wani: "Mai girma ɗan'uwana bai san abin da yake faɗa ba." Da aka zo yanke magana shugaba ya ce masu so su ce e, suka yi ihu. Masu ƙi su ce a'a, suka yi ihu. A kunnena na biyun ya fi ƙarfi, amma ni tsohuwa ce, kuma gudumar yanke maganar a hannun shugaba take, ba a nawa ba. Ya buga ya ce masu e sun yi rinjaye.

Na ga kujeru da yawa ba kowa. Hajiya ta ce wasu suna kwamitoci. Akwai na hanya, na ruwa, na asibiti, na daji, har da kwamitin da ke raba mutane cikin kwamitoci. Namu ɗan majalisar ba ya cikin na daji, kowa da nasa. Ta ce ƙuduri sau uku ake karanta shi. Na farko suna kawai ake faɗa, kamar raɗin jariri. Na biyu a yi gardama. Sannan a miƙa wa kwamiti ya wanke shi, a dawo da shi karatu na uku. Na ce, "Ashe daddawa kuke yi. A dafa kalwa, a sussuke, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta ruɓe." Ta ce, "Haka ne, Goggo, sai dai taku kwana uku take yi a rufe."

Ƙarfe biyu da rabi aka buɗe zaman. Ɗakin sanyi ƙalau, iska na fita daga bango. Mutum biyar ne a kan dogon tebur, Ciyaman a tsakiya, wani dattijo mai doguwar hula da ke jin Hausa. Aka fara da wani babban jami'in hukumar daji, ya zo da mutum goma masu ɗaukar masa fayil. Saratu ta ce kwamiti na da ikon kiran ko minista, in ya ƙi zuwa su sa a kawo shi. Na kuwa ga alama, don mutumin na zufa cikin wannan sanyi. Ya yi fiye da awa guda. Masu ƙungiyoyi suka yi nasu. Da aka zo kan jama'a, wato mu da aka ce an buɗe ƙofar dominmu, sai aka ce lokaci ya ƙure, kowa minti uku.

Saratu ta ce, "Goggo, minti uku fa." Na ce to. Ban san tsawon minti ba.

Aka kira sunana. Na je gaban tebur na ɗan rusuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da rana. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ruwa a wajenku? Yaya haƙuri da jama'a?" Ciyaman na amsawa, lafiya, lafiya lau, madalla. Saratu ta mintsine ni, na ture hannunta. Manya biyar a zaune, in gaida ɗaya in tsallake huɗu? Wa ya raine ni? Na bi su ɗaya bayan ɗaya, Saratu na fassarawa da gudu kamar ana korarta. Da na gama na gyara tsayuwa na ce, "To, abin da ya kawo ni..."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Ciyaman ya ce, "Mama, mun gode ƙwarai. Lokacinki ya cika."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa na yi. Ban yi magana ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ce, "A nan agogo bai san bambanci ba, Mama. In kina da takarda a ba akawu." Saratu ta miƙa takardar kokenmu da ta rubuto, aka ɗora ta kan wani tari da ya kai ƙugun mutum.

Ku da kuke ji kuna dariya, ni a lokacin ba dariya nake ba. Na ratso dajin nan da raina a hannu, matan gari sun zuba mini ido, ga ni na sayar da ɗorawa bakwai da ina gajiya. Na juya zan tafi, sai wata kunyar ta kama ni: na zo gaban manya, na yi sallama, zan fita ban ajiye komai ba. Hannuna ya taɓa haɓar zane. Na kwance ƙullin, na jera daddawa uku a gaban Ciyaman, na ce, "Ba yawa. Sauran an riƙe a ƙofa. A kai wa uwargida."

Jama'a, iskar bangon nan ma'aikaciya ce. Kafin in ja da baya ta raba wa kowa rabonsa. Wani ya zaro hankici. Wanda ya kawo ƙudurin, wani matashi mai tabarau, ya tura kujerarsa baya har ta bugi bango. Ciyaman ya ce a ɗauke. Sai Hajiya Rabi ta miƙe da fuskarta a murtuke ta ce, "Ranka ya daɗe, abin da mai ba da shaida ya ajiye a gaban kwamiti, sai an rubuta sunansa da asalinsa kafin a ɗauke." Ta buɗe littafi tana neman biro a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

A ƙarshen tebur akwai wata 'yar majalisa daga kudu, mai ƙaton ɗauri. Ita ba ta toshe hanci ba, lumshe ido ta yi. Ta kunna lasifikarta ta yi magana. Saratu ta ce, "Wai kakarta ma tana yin irinta. Tana tambaya, daga wane itace, kuma itacen na wane ne?"

Hajiya Rabi ta zo kamar za ta gyara mini lasifika, ta raɗa mini: "Goggo, tambaya aka yi miki. Amsa ba ta da agogo."

Na ce bismillahi.

Na faɗa musu ɗorawa bakwai da sunayensu, daga Ta Inna har Gurguwa wadda aradu ta tsaga. Na faɗa musu yadda mace ke ɗaure ganye a reshe in 'ya'ya sun fara nuna, ba kuma mai taɓawa. Na faɗa musu matan da mazansu suka shiga gona ba su dawo ba, ba abin da ya rage musu sai itace. Na ce, "Kun rubuta biri, kun rubuta gwanki. Ba na kishi da su, tare muke ci. Amma in akwai wuri a ƙarƙashin biri, a rubuta mu."

Mai tabarau ya kunna tasa. Ya ce bai gane ba, yaya ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wata? Ina takardar shaida? Na ce, "Ɗana, ka taɓa zuwa dajin?" Ya ce ya nazarce shi sosai a taswira, ya kuma bi ta samansa a jirgi. Na ce, "Daga sama ba ka ganin ganyen da aka ɗaure. Takardarmu ke nan. Kakata ba ta taɓa zuwa gaban alƙali a kanta ba, ni ma haka, sai yau da aka zo gyara mana." Ya buɗe baki zai amsa, iskar ta sake kaɗowa ta wajensa, ya rufe.

Mai ɗauri ta nemi a saka layi guda a ƙudurin, cewa matan da suka gaji itatuwa za su ci gaba da kaɗe 'ya'yansu. Wani ya goya mata baya, don a gidan nan maganar da ba a goya ba marainiya ce. Ciyaman, idonsa na ruwa, ya ce akawu ta rubuta, kwamiti zai duba a rahotonsa. Ya buga guduma da sauri, ya riga kowa fita.

Na kama hannun Hajiya Rabi na ce, "Shi ke nan, an gama?"

Ta zaunar da ni ta fara lanƙwasa yatsu. Kwamiti zai zauna shi kaɗai ya rubuta rahoto. Zauren kore zai bi shi layi layi, suna iya barin nawa, suna iya gogewa. Karatu na uku. Sannan a kai zauren ja, su ma su fara tun daga raɗin suna, da nasu kwamitin. In zauruka biyu suka saɓa, a kafa wani kwamitin ya sasanta su. Sannan shugaban ƙasa ya sa hannu, ko ya ƙi. In kuma shekara huɗun majalisa suka cika ba a gama ba, ƙudurin ya mutu, sababbi su fara daga farko. Yatsunta suka ƙare ta ari na Saratu.

Na ce, "Damina nawa ke nan?"

Ta ce, "Akwai ƙudurin da na tarar a nan ina amarya. Sau huɗu yana mutuwa ana sake raɗa masa suna."

Na ce, "To kafin nan, itatuwan fa?"

Ta ce, "Har sai an sa hannu, ba abin da ya canza."

Na juya maganar a raina. In dokar ta fito da layina, na tsira. In tana rarrafe, ina kaɗe ɗorawata. Abu ɗaya ne zai cuce ni, shi ne su yi sauri. Na kalli gidan sama da ƙasa, hankalina ya kwanta.

Na nemi daddawata, tunda uwargidan Ciyaman ba za ta samu ba. Hajiya ta ce ai ta zama shaida, an ba ta lamba, za a saka ta cikin fayil ɗin ƙudurin, duk inda ya je tare za su. A ƙofa 'yar sandar ta miƙo mini magogina da bokiti. Bokitin wanke tas, ba ko ɓurɓushi. Ta ce, "Mama, mun zubar." Na ce, "Allah ya sa ta yi daɗin miya." Ta sunkuyar da kai.

Mun dawo lafiya, bayan sojoji, kamar yadda muka tafi.

Shekaranjiya Hajiya Rabi ta kira wayar Saratu. Ta ce layina ya shiga rahoto, rahoton na jiran layinsa. Fayil ɗin kuwa an ba shi durowarsa shi kaɗai a ƙarshen baranda, masinjoji na rantsuwa kowa ya ce ba shi ne da ɗauka ba. Duk wanda ya kuskura ya buɗe, sai ya tambaya mene ne wannan. Ita kuma sai ta gyara zama ta ba shi amsa, ba agogo.

Bana na kaɗe bakwai ɗin duka, Gurguwa ma ta yi 'ya'ya. Na ɗaura sabon ganye a kowane reshe da hannuna ya kai. Masu zagin majalisa a rediyo suna cewa ba ta da sauri, ni ba ruwana da su. Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in ce, Allah ka ba mutanen nan lafiya, ka ƙara musu kwamitoci, ka ƙara musu nawa da jan ƙafa.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Saratu, ajiye biron. Dubi kunun nan, yau ma ya huce.